Dunƙulen yauƙin da ake gani a taɓon bakin teku: da gaske ƙwan dodon koɗi ne?

Wata malamar kimiyyar halittu da ke koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a cikin birnin Kano ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a Birisben ta ƙasar Ostireliya. Ya turo mana bidiyo ta WhatsApp daga bakin teku, ruwa ya janye ya bar filin taɓo, ga wasu abubuwa birjik a kai, garai-garai, masu lanƙwasa, kowanne ya kusa tsawon tafin hannu. Shi ya ɗauka jelifish ne, dabbar tekun nan mai laushi da ke ƙuna fatar mutum, sai wani ɗan ƙasar ya ce masa ƙwan dodon koɗi ne. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya dodon koɗi zai yi ƙwan da ya fi shi girma? Rana ba ta kashe su? Suna cutarwa? Kuma muna da irinsu a nan da zan nuna wa ɗalibaina?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Mutumin nan ya faɗa wa ƙanenki gaskiya, sai dai akwai gyara kaɗan. Abin da ya gani ba ƙwai guda ba ne. Dunƙule ne na yauƙi daskararre, a cikinsa kuma akwai ƙwai dubbai, kowanne bai kai ƙwayar yashi mai laushi ba. Da ya ɗaga ɗaya ya kalli rana ta cikinsa, zai ga ɗigo-ɗigo a warwatse ko'ina. Waɗannan ɗigon su ne 'ya'yan. Mai yin irin wannan mai siffar jinjirin wata a gaɓar gabashi da kudancin Ostireliya wani dodon koɗin teku ne da masana ke kira Conuber sordidum, a tsofaffin littattafai kuma za ki same shi da sunan Polinices sordidus. Katantanwarsa ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Mafarauci ne, yana tafiya a ƙarƙashin yashi yana neman halittu masu ɓawo biyu da ƙananan 'yan'uwansa, ya huda su ya cinye naman. Duk ɓawon da aka tsinta a bakin teku da 'yar huda zagayayya mai kyau, bakinta a faɗaɗe, galibi aikin danginsa ne.

Kafin maganar ƙwan, bari mu fahimci wurin, domin mu mutanen Kano ruwan da muka sani ba ya tafiya ya dawo a rana guda. Dam ɗin Tiga yana cika da damina, ya ja baya da rani, shi ke nan. Teku ba haka take ba. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa yana tasowa ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, saboda jan da wata ke yi wa ruwan duniya, rana ma tana taimakawa. Mai bin lissafin watan Musulunci zai gane tsarin da sauƙi: a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, wato wajen 14 da 15, ruwan ya fi tasowa sama kuma ya fi janyewa nesa. A tsakaninsu motsin yakan ragu. Alhazanmu da suka tsaya bakin ruwa a Jidda ba za su lura da wannan ba, don a tsakiyar Bahar Maliya bambancin ɗan kaɗan ne. A Legas bai wuce kimanin mita 1 ba, a mashigin Fandi na Kanada yana kai mita 16. Inda gaɓar take shimfiɗe, kuma babu igiyar ruwa mai ƙarfi, laka mai laushi takan taru, sai janyewar mita 2 kawai ta buɗe fili mai faɗin gaske. Irin wannan fili ne ƙanenki ya tsaya a kai a mashigin Moton da ke gefen Birisben.

Ki duba halin da uwa take ciki a irin wannan wuri. Awa shida ruwa, awa shida rana da iska. In an yi ruwan sama lokacin da teku ta janye, gishirin 'yan kududdufan da suka rage ya tsinke. In rana ta buga, ruwan ya ƙafe gishirin ya yi yawa. Babu dutsen da za a manna ƙwai a jikinsa. To me zai hana ta binne su a cikin taɓon, ta huta? Abin da ya hana shi ne taɓon ba shi da iskar shaƙa. Oksijin yana ratsa shi ne milimita kaɗan daga sama. Ƙasa da nan baƙi ne wuluk, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ciki suna fitar da iskar haidurojin salfaid, wadda guba ce ga mafi yawan dabbobi. Wanda ya taɓa yashe kwatar unguwa ya san wannan baƙi da wannan wari. Ƙwan da aka binne a nan ya mutu. Don haka dole ya zauna a sama, a fili, kuma dole a naɗe shi da wani abu.

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko. Uwar ba ta fitar da dunƙulen da girman da ake ganinsa. Tana da wasu ƙulli a hanyar haihuwarta da ke samar da majina mai kauri, haɗin furotin da dogayen sarƙoƙin sukari, ita take shafe ƙwan da ita yayin da suke fitowa. Wannan majina tana da matuƙar son ruwa. Da ta haɗu da ruwan teku sai ta sha ta kumbura, kamar yadda ɗan garin kwaki a gindin kofi yake cika kofin in an zuba masa ruwa an bar shi. Shi ya sa dunƙulen yake ninka uwarsa girma da nauyi. Kusan dukkansa ruwan teku ne da aka ɗaure wuri guda. In aka shanya shi ya bushe, abin da zai rage 'yar fata ce siririya da ɓurɓushin gishiri. Uwar ta kashe abu kaɗan daga jikinta, teku ta cika mata sauran.

Amfaninsa na farko a bayyane yake: kafin rana ta busar da ƙwan da ke ciki, sai ta fara shanye duk ruwan da ke kewaye da su, kafin nan kuwa teku ta dawo. Na biyu, yana rage saurin canjin gishiri. Ɗan tayi yana iya jure gishirin da ya sauya a hankali fiye da wanda ya sauya farat ɗaya, kuma an gwada wannan a kan wani ƙaramin dodon koɗi na gaɓar yammacin Amurka, aka ga waɗanda aka bari cikin yauƙinsu sun fi waɗanda aka tsame jurewa. Na uku, a nau'o'i da dama an samu sinadaran da ke hana bakteriya yaɗuwa a cikin dunƙulen. Kirsten Benkendorff a Ostireliya ta yi aiki mai yawa a kan haka. Wasu nau'o'in kuma, musamman masu cin ganyen teku, suna saka wa ƙwansu sinadarai masu tsotse hasken rana mai ƙuna, waɗanda uwar ta samo daga abincinta. Ga kuma tsuntsaye da ƙananan kifaye, waɗanda ba su cika ɓata lokaci a kan cin abin da ruwa ne zalla ba.

Amma kar ki gaya wa ɗalibai cewa rana ba ta yi musu komai. Tana yi. Yauƙin ba ya hana zafi shiga, ɗan jinkirta shi kawai yake yi. Idan janyewar ruwa mafi nisa ta faɗo daidai da tsakar rana a lokacin zafi, ana asarar ƙwai masu yawa, musamman na saman dunƙulen da waɗanda iska ta kora can tudu inda ruwa ba zai sake iske su ba. 'Ya'yan suna da nasu makami: zafi na tashi suke fara ƙera wasu furotin da ke hana sauran furotin na jiki lalacewa, irin waɗanda ke jikinmu mu ma. Robert Podolsky ya bibiyi wannan a filin taɓo na tsibirin San Juwan a jihar Washinton. Rachel Przeslawski kuma ta nuna a Ostireliya cewa zafi da hasken rana da canjin gishiri in suka haɗu, ɓarnarsu ta fi ta kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. Dalilin yin ƙwai dubbai ke nan. Ba a sa ran kowa ya tsira.

Littattafan sakandare a nan suke tsayawa, su ce yauƙi yana kare ƙwai, a wuce. Ni kuwa a ganina daga nan ne darasin ya fara daɗi, domin wannan kariya tana da tsada, kuma da numfashi ake biyanta.

Kowane ɗigo a cikin dunƙulen rai ne mai buƙatar oksijin. Ruwa dama can matalauci ne a wannan fanni: lita guda ta iska tana ɗauke da oksijin kusan miligiram 280, lita guda ta ruwan teku mai ɗumi kuwa miligiram 6 zuwa 7 kacal. Ƙari a kan haka, oksijin yana ratsa ruwan da ke tsaye a hankali ƙwarai, ya fi yadda yake ratsa iska jinkiri kusan sau 10,000. A cikin teku motsin ruwa ne yake rufa asiri, yana kawo sabo yana kwashe tsoho. To yauƙi aikinsa ke nan ya hana ruwa motsi. Saboda haka oksijin ɗin da zai kai tsakiyar dunƙule sai ya rarrafa daga gefe, kuma duk ɗan tayin da ya wuce ta kusa da shi sai ya ɗebi rabonsa. Lissafin ma ba ya tausayi: in kaurin ya ninka sau 2, lokacin ratsawa yana ninkawa sau 4, in ya ninka sau 3, sau 9.

A ranar farko babu damuwa, domin ƙwan da bai fara girma sosai ba numfashinsa kaɗan ne. Bayan kwana biyu uku, 'ya'yan sun yi gaɓoɓi, sun fara juyawa a cikin 'yan kwansonsu, buƙatarsu ta ninka. Lokacin ne tsakiyar take ƙarewa da iska. David Booth na Jami'ar Kwinslan, a can Birisben ɗin da ƙanenki yake, ya buga bincike a 1995 a kan wannan nau'in da ke cikin bidiyon. Ya soka siririn ma'aunin oksijin a cikin dunƙulen, ya tarar yana raguwa daga gefe zuwa ciki, kuma raguwar tana tsananta yayin da 'ya'yan ke girma. Abin mamakin shi ne na tsakiya ba mutuwa suke yi ba. Jinkirta girma suke yi, su zauna jira. Na gefe su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki su fice, yauƙin wajen ya narke ya zube, sai na bayansu su zama su ne a gefe, iska ta iske su, su ci gaba daga inda suka tsaya. Haka ake bi layi-layi har a kai ga na can ciki, waɗanda kan makara da kwanaki masu yawa. Uwa ɗaya, rana ɗaya aka haife su, amma wurin zama a cikin dunƙule ya raba musu ranar fita.

Richard Strathmann da Megumi Strathmann, a tashar binciken teku ta Firaide Habo a Amurka, sun faɗaɗa wannan tunani zuwa nau'o'i da yawa, kuma abin da ya fito daga aikinsu da na ɗalibansu yana bayyana siffofin da ake gani. Dunƙule mai kauri dole ne ya baza ƙwansa, ya sa yauƙi mai yawa tsakanin ɗaya da ɗaya, don a rage masu rabon iska a kowane lungu. Wanda yake son cusa ƙwai da yawa a matse kuwa dole ya zama siriri, zare ko faifai. Babu mai samun kauri da cunkoso a lokaci guda. Da kin riƙe wannan ƙa'ida, hoton kowane irin ƙwan teku aka nuna miki za ki iya faɗin dalilin siffarsa. Har ma sanyi yana shiga lissafin: a ruwan Antatika, inda oksijin ya fi narkewa cikin ruwa kuma numfashin 'ya'yan ke tafiya a hankali, dangin waɗannan halittu suna iya yin dunƙule mai kauri ba tare da tsakiyarsa ta shaƙe ba.

Akwai wani taimako da ke zuwa daga waje. Bayan 'yan kwanaki dunƙulen yakan fara yin ruwan ƙasa ko kore-kore, mai kallo ya ɗauka ruɓewa ya fara. Sau da yawa ƙananan gansakuka ne masu ƙwayar halitta guda suka zauna a jikinsa. Da rana suna haɗa abincinsu da haske suna fitar da oksijin daidai inda ake nemansa, har ma'auni ya nuna ya fi na ruwan da ke kewaye. Da dare labari ya juya, su ma numfashi suke yi, su ƙara wa 'ya'yan ƙunci. Nau'o'in da ke manna ƙwansu a jikin ciyawar teku, irin su Haminoea mai zare rawaya, suna cikin wannan hawa da sauka kullum.

Abin da ke fitowa daga ƙwan ba ya kama da uwarsa. Ɗan mitsitsi ne mai 'yar katantanwa garai-garai, da wasu fikafikai biyu masu gashi da yake kaɗawa yana iyo; masana suna kiransa belija. Yakan yi kwanaki ko makonni yana yawo a saman ruwa yana cin gansakuka, ruwa yana kai shi inda ya ga dama, sannan ya sauka ƙasa ya zubar da fikafikan ya koma rarrafe. Ta haka dabbar da ba ta iya tafiyar kirki take bazuwa a gaɓa mai tsawon ɗaruruwan kilomita.

Ba kowane dodon koɗin taɓo ne ke yin irin na Birisben ba. Mafi yawan danginsa na kusa ma yashi suke haɗawa da majina su ƙera wani faifai mai lanƙwasa, siriri, wanda in aka tsince shi a bushe sai a ɗauka guntun roba ne. Wanda na ambata na gaɓar yammacin Amurka, Melanochlamys diomedea, ɗan ƙaramin ƙunshi yake yi mai santimita 1 zuwa 2, ya ɗaure shi da wata igiyar majina da yake kafawa cikin yashi, kuma an gano uwar tana ƙara ƙarfin igiyar a inda ruwa ya fi gudu. A Niyu Zilan akwai Amphibola crenata mai cakuɗa ƙwansa da laka ya yi zobe. A gaɓar Sin da Koriya akwai Bullacta exarata, mai ƙwallayen yauƙi da ke cika taɓo a lokacin ɗumi. Wannan na ƙarshen mutanen birnin Ningbo na Sin suna cin naman sosai, kuma galibi a cikin gishiri da giyar shinkafa ake tsuma shi, don haka 'yan kasuwarmu na Kwari da Wambai masu zuwa Yiwu sayen kaya su lura in an ajiye musu a teburi. A Filifins kuwa ƙwan ne ma ake ci, na wani babban nau'i mai suna Dolabella, zare-zare kore da suke kira lukot. Sannan ba duk yauƙin taɓo ne na dodon koɗi ba. Wasu tsutsotsin teku ma suna yi, kore ko ruwan ƙasa, a gaɓar Jamus da Holan da sauran wurare. Ba a rantsuwa a kan hoto sai an duba abin da ke ciki.

Batun cutarwa kuwa, dunƙulen ba ya harbi, ba ya ƙuna, yaran can har jifan juna suke yi da shi. Bambanta shi da jelifish ba wuya: jelifish jiki ne guda mai tsari, zagayayye, da zane a tsakiya da jijiyoyi masu lilo, wannan kuwa ba shi da baki ba shi da gaɓa, ɗigo ne kawai a cikin yauƙi. Duk da haka ki ja wa ƙanenki kunne. Gaɓar Ostireliya ba wurin ɗaukar duk abin da aka gani da hannu ba ne. Akwai wata 'yar dabbar teku mai hannaye takwas da zobba shuɗaye a jiki da ke ɓuya cikin katantanwar da babu kowa, dafinta yana kisa. Akwai dodon koɗi mai siffar mazurari da ke harbi. Jelifish ko ya mutu a kan yashi yana iya ƙuna. Shi kansa taɓon yana riƙe ƙafa, ruwa kuma in ya juyo a shimfiɗaɗɗen fili yana zagayowa ta bayan mutum kafin ya ankara. A 2004 mutum sama da 20 'yan ƙasar Sin suka nutse a mashigin Mokam na Ingila suna tonon abincin teku a irin wannan fili. Ya riƙa duba jadawalin ruwa kafin ya shiga. In ya ɗaga dunƙule don kallo, ya mayar da shi cikin ɗan ruwa inda ya same shi.

A Najeriya filayen taɓo suna Neja Delta da bakin kogin Kalaba da tafkin Legas, a gindin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Ƙananan dodannin koɗin nan masu dogon ɓawo baƙi da matan kudu ke sayarwa a Yankura don miya, daga irin wannan taɓo ake kwaso su. Kano ma ta daɗe tana mu'amala da dodon koɗin teku ba tare da ta ga teku ba. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi katantanwar wani dodon koɗi ne daga tsibiran Maldibs da gaɓar gabashin Afirka. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke canjin dala guda ta azurfa. Ita uwar wannan dodon koɗin wuri dabararta daban: a jikin dutse take jera ƙwanta cikin 'yan kwanso, ta rufe su da ƙafarta ta zauna gadi har su ƙyanƙyashe.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda ta fi faranta min rai. E, muna da su, kuma ba sai kin bar Kano ba. Dodannin koɗin ruwan daɗi da ke cikin kududdufan birni, da magudanan noman rani na Kadawa da Kura, da gefen Tiga da Challawa da Wasai, su ma a cikin yauƙi suke zuba ƙwai. Bambancin shi ne nasu ƙanana ne. Bulinus da Biomphalaria suna manna ɗan faifai garai-garai wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a bayan ganyen bado, ko jikin kara, ko ledar ruwa da aka yar, a ciki ƙwai daga 'yan kaɗan zuwa 'yan gomomi. Lymnaea, mai yaɗa tsutsar hanta ga shanu da tumaki, nasa ɗan dogo ne mai lanƙwasa. Ki lura da yadda ƙa'idar nan ta bi su har nan: ƙwai kaɗan, a shimfiɗe, kowanne kusa da ruwa. Ɗansu ba ya fita yawo. Yana gama girmansa a cikin kwanso, cikin mako 1 zuwa 2 gwargwadon ɗumi, ya fito da siffar uwarsa. Kowanne kuma mace ne namiji ne a lokaci guda, har yana iya yi wa kansa barbara, shi ya sa guda ɗaya da ya tsira a laka ya isa ya sake cika kududdufi in damina ta sauka.

Sai dai a nan haɗarin na gaske ne, ya fi na Birisben kusa da mu. Bulinus shi ne masaukin tsutsar tsargiya mai sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma na mai kama hanji da hanta. Dodon koɗin da ya kamu yana sakin 'ya'yan tsutsar cikin ruwa, musamman da rana tsaka, su huda fatar mai wanka ko wanki ko kamun kifi. Ba sai an sha ruwan ba. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne tsutsar ba ta bin ƙwai. Dodon koɗi ba ya gadonta daga uwarsa, yana ɗaukarta ne daga ruwan da mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ciki. Wanda aka ƙyanƙyashe a ruwa mai tsabta, mai tsabta ne. (Su ma na teku ba su kuɓuta daga irin wannan ba. Wani nau'in Haminoea da ya shigo mashigin San Faransisko daga Japan an same shi yana ɗauke da tsutsar tsuntsaye 'yar dangin tsargiya, tana sa wa masu wanka ƙaiƙayi da ƙuraje, ko da yake ba ta iya girma a jikin mutum.)

Saboda haka ga yadda za ki yi. Kar ki tura ɗalibai ɗebowa. Ki je da kanki ko da mai kula da ɗakin gwaji, da safar hannu ta roba da dogon ludayi, ba tare da kin shiga ruwan ba. Ki tsamo ganye ko leda, ki duba bayansu, ki yanko gurbin da faifan ƙwan yake, ki bar manyan dodannin a can. Ki ɗauraye guntun da ruwan rijiya, ki saka shi a kwalba mai faɗin baki da ruwan rijiya ko na famfo da ya kwana biyu a buɗe, domin sinadarin kulorin yana kashe su. A ajiye a inuwa kusa da taga. Da madubin ƙara girma mafi rauni da makarantarku ke da shi, ko ma gilashin hannu, yara za su ga ɗan tayi yana juyawa a cikin kwansonsa. Bayan 'yan kwanaki idanu biyu baƙaƙe su bayyana, sannan zuciya tana bugawa ana ganinta ta cikin katantanwar. Ki sa kowace ƙungiya ta zana abin da ta gani kowace safiya, ta rubuta kwanan wata. In kina son su taɓa maganar oksijin da hannunsu, ki raba faifan gida biyu: wasu a faranti mai faɗi da ruwa kaɗan a buɗe, wasu a 'yar kwalba cike taf da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe ta ruf. Su kwatanta wanda ya riga ƙyanƙyashewa.

In sun fito, ɗan ganyen latas da aka tsoma a ruwan zafi ya ishe su abinci. Ranar da kuka gama, a zuba musu tafasasshen ruwa kafin a zubar, kar a mayar da su kwata ko kududdufi. Duk yarinyar da a cikin darasin ta ce ita ko ƙanenta suna ganin jini a ƙarshen fitsari, a tura su asibiti a gwada. Maganin, furazikwantel, ana shansa ne gwargwadon nauyi ko tsawon mutum, kuma galibi a rana guda ake gamawa.